Kofi Mai Jan Murfi

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Hajiya, kuma ba ta da tsawon da za ta tare wari. Duk safiyar da aka ɗora tukunyar saiwoyi a gidan, ni ma sai na shaƙi rabona, alhali na daɗe da wuce shekarun da ake dafa wa mace irin wannan. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani ta saman katanga na ji, sauran kuma yarinyar ce ta ba ni da bakinta, bayan ta ƙwato bakin daga hannun masu riƙe mata shi.

Amarya ake ce mata. Labulen ɗakinta ya koɗe, kwanukan da aka kawo ta da su sun fara tsatsa, amma sunan bai sauka ba, don a gidan Hajiya mace ba ta fita daga amarci sai ta zama maman wani. Malamar yara ce a wata makaranta ta bayan layinmu, ajin 'yan ƙanana masu kukan a kai su fitsari. Kullum za ka gan ta ta dawo da farin alli a gefen mayafi, tana dariya ita kaɗai kan wani abu da yaro ya faɗa. Mijinta, Auta, kayan mota yake sayarwa. Hajiya ta jera 'ya'ya mata reras kafin ta same shi, saboda haka ko tari ya yi sai gidan ya tsaya cak.

Da haihuwa ta yi jinkiri, gidan bai ɓata lokaci wajen neman mai laifi ba. Ai mai laifi tana nan a ɗaki, ita ce baƙuwa.

Ran da aka fara zuwa asibiti, Auta ya tsaya a mota yana sauraron ƙwallo a rediyo. Hajiya ce ta shiga wurin likita tare da Amarya, ta zauna a kujerar marar lafiya, ita kuma marar lafiyar ta tsaya a gefe da jaka a hannu. A gidan nan suruka ba ta magana in Hajiya na wuri. Kunya suke kiran abin, kuma suna alfahari da shi kamar yadda wasu ke alfahari da sabuwar mota.

Likitar mace ce mai farin tabarau. Ta dubi Amarya ta ce, "Al'adarki tana zuwa daidai?"

"Tana zuwa," in ji Hajiya. "Ita kaɗai ce ba ta saɓa alkawari a gidanmu."

"Hajiya, ita nake tambaya."

"Ai ita nake amsa miki, 'yar nan. Yarinya ce mai kunya."

"To, tana shan wani magani? Na gida, ko na mai saiwa?"

"Ko ruwan zafi."

Da likita ta ce Amarya ta fito da harshe, da ta gan shi kore shar, don da safen nan sai da ta shanye kofi guda na abin da Hajiya ta dafa. Amma ba a ce ta fito da shi ba, ita ma ba ta da izinin fito da shi.

Aka yi gwaje-gwaje, aka ɗibi jini, aka ɗauki hoton ciki. Likita ta ce ba ta ga wani abin tashin hankali ba, sai ɗan jinkirin ƙwai. Ta rubuta wasu 'yan ƙwayoyi, ta ce a sha guda-guda na 'yan kwanaki a farkon wata, a tsaya. Sannan ta jawo aljihun tebur, ta fito da wani ɗan kofin roba mai jan murfi, a naɗe a leda.

"Wannan na maigidan ne. Shi ma sai mun auna shi."

Hajiya ta dubi kofin kamar an miƙo mata kunama.

"Me zai yi da shi?"

"In ya zo za a yi masa bayani. Ba allura, ba yanka, ko rabin sa'a ba zai ɓata ba."

A mota Hajiya ta miƙa wa ɗanta kofin da yatsu biyu. "Wai kai za a auna. Ka ji rashin ta-ido. Ubanka har ya koma ga Allah bai san ƙofar asibiti ba, ga shi na haifa har na gaji." Auta ya yi dariya, ya buɗe aljihun gaban mota, ya jefa kofin cikin tsofaffin mukullai da ƙonannun fis, ya rufe. Ƙungiyarsa ce ta ci ƙwallo a daidai lokacin, saboda haka maganar ta mutu a nan.

Ba a jima ba Yaya ta shigo cikin lamarin. Ita ce babbar 'yar Hajiya, kuma duk abin da ke duniya ta gan shi a waya. Ta ce yanzu masu hankali haɗawa suke yi: asibiti, saiwa, da kuma tsira allurai irin na mutanen Sin. Ta san wani mai yi a saman bene, kusa da masu gyaran agogo.

Ɗaki ne tsaf, da gadaje ƙanana da labule tsakaninsu, da hoton mutum tsirara a bango an ɗiɗɗiga masa tabo tun daga goshi har tafin ƙafa. Mai alluran mutum ne marar hayaniya. Ya riƙe wuyan hannun Amarya ya ji bugun jininta, sannan shi ma ya yi tambayar nan.

"Akwai abin da kike sha?"

"Babu," in ji Yaya. A hanya ta riga ta ja kunnen Amarya: kada a gaya wa mai allura zancen saiwa, zai ji haushi, kada a gaya wa mai saiwa zancen asibiti, zai janye hannunsa, likita kuwa kada a gaya mata komai, su 'yan boko ba sa son a haɗa su da kowa. Haka aka tara masu magani a kan mace ɗaya, kowa na tsammanin shi kaɗai ne, kamar masu gini da aka rufe wa ido aka ce su tada ɗaki ɗaya.

Ya jera mata siraran allurai a mara, a ƙwauri, a bayan hannu. Hajiya ta leƙa labulen maƙwabta ta dawo da fushi.

"Malam, waccan an tsira mata har a kunne. Tamu ba mutum ba ce?"

"Ciwonsu ba ɗaya ba ne, Hajiya."

"Ƙara mata dai. Jikinta na da faɗi."

Ya roƙe su da su jira a waje, ya ja labule. Amarya ta gaya mini cewa a duk wannan zamanin babu lokacin da take so kamar wannan. Alluran ba su da zafi. Tana kwance kamar bushiya, amma ba mai amsa tambaya a madadinta, ba mai kallon mararta, ba mai miƙo mata kofi. Ka ji rayuwar da mace ke ɗokin a soka mata allura don ta huta.

Safiya kuwa ta tukunya ce. Hajiya na tsaye a kan Amarya sai ta ga ƙasan kofi. In ta yi yunƙurin amai, a ce ta haɗiye, albarkar a cikin ɗacin take. Cikinta ya riƙa murɗawa, ta rame, idanunta suka faɗa. Wata rana a aji, tana rubuta baƙaƙe a allo, sai allon ya juya mata. Ta dafa bango ta zame ƙasa, yara suka fashe da kuka gaba ɗaya. Shugabar makaranta ta rako ta gida. Hajiya ta yi godiya, ta kawo ruwa, ta kuma yanke hukunci tun baƙuwar ba ta kai ƙofa ba.

"Tsayuwar nan ce. Mace ta wuni a tsaye, ta yaya ƙwai zai zauna? Gangarowa yake yi. Daga yau an gama koyarwa."

Aka gama. 'Ya'yan mutane da take raino aka raba ta da su, don ta zauna ta jira wanda bai zo ba.

Da yammar ranar, Auta na cire takalmi, ta kawo masa ruwa ta durƙusa.

"Maigida, in tambaye ka mana."

"Ina ji."

"In mutum ya zo shagonka ya ce motarsa ta ƙi tashi, a ba shi sabon batir, sai ka ba shi?"

"Haba, ni sakarai ne? Sai an duba. Wata sa'a batirin lafiyarsa lau, waya ce ta tsinke, ko man ne ba ya zuwa. Ba a canza abu sai an gwada ko'ina."

"To ni an canza mini batir har na gaji."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya gane. Ba jahili ba ne, wannan shaida zan yi masa.

"Kin fara ko? Na ce zan je."

"Yaushe?"

"In kasuwa ta lafa. Kin san kaya na hanya. Kuma asibitin nan kowa ya san ni, rabin ma'aikatan ni nake sayar musu da taya. Kina so a gan ni riƙe da kofi a layi? Me za a ce a kasuwa?"

"Ni ai an gan ni riƙe da komai."

"Ke mace ce, ba a ganin naku."

Ya sa takalmin da ya cire, ya ce ya manta bai rufe shago da kyau ba.

Watanni suka tafi. Likita mai tabarau ta ajiye biro ta ce ita ba za ta ƙara rubuta ko ƙwaya ɗaya ba sai ta ga sakamakon maigida. Ta ce maganin ba na wasa ba ne, ba a ɗora shi wata bayan wata a kan duhu. Hajiya ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce an gode, ashe har a asibiti akwai masu son tona asirin gidan mutane.

Suka sauya asibiti. Sabon likitan saurayi ne, layi a ƙofarsa har bakin titi.

"An auna maigidan?"

"Tuni," in ji Hajiya. "Lafiyarsa garau. Har likitan yana mamaki."

"A kawo mini sakamakon in gani. An taɓa ba ta wani magani?"

"Ko ruwan zafi."

Ya rubuta allurai na ƙarfafa ƙwai, waɗanda ake yi a fatar mara, ya ja kunne sosai: tilas a riƙa kawo ta hoton ciki a kai a kai, don maganin kan yi wa wasu yawa. Hajiya ta ce in sha Allahu. Zancen sakamako bai sake tasowa ba, shi yana da layi, ita tana da sauran ƙarya.

Sai dai Hajiya mace ce mai tattali, ba ta yar da komai. Kwalin ƙwayoyin likitar farko yana nan a ƙarƙashin matashinta. Ta aika da shi kantin magani aka ciko mata. Lissafinta na mai girki ne: abin da murhu ɗaya ke dafawa, biyu za su fi saurin nunar da shi. Likita ta ce guda-guda na 'yan kwanaki. Hajiya ta ga ai rowa ce irin ta 'yan boko, ta mayar da shi bibbiyu, kuma babu ranar hutu. Da safe kofin saiwa da ƙwayoyi, da rana benen mai allura, da yamma nas ta zo ta soka na mara. Auta kuma, don kada a ce bai taimaka ba, shi ke kai su ya ɗauko su. Aljihun gaban motar na daidai gwiwar Amarya, a rufe.

Sai ciki ya fito.

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin ciki mai gaggawa irin wannan ba. Yau zane ya matse, jibi riga ta ƙi shiga. Wata bai cika ba, yarinya ta koma kamar mai jiran naƙuda. Ga amai, ga kasala, ga ƙin abinci. Gidan ya kaure da murna. Hajiya ta fito da akwatin tsofaffin kayan jarirai ta shanya a igiya, ƙananan huluna na kaɗawa a iska ina kallonsu ta saman katanga.

Daga nan aka shiga rigimar wa ya yi aikin.

"Alluran mutumina ne," in ji Yaya. "Tun ran da aka tsira ta cibiya na ga fuskarta ta canza."

"Ke tafi can. Ƙarfe ne zai ba da ɗa? Saiwar nan da ita aka haife ki, marar godiya."

"To me ya hana ta aiki tun bara?"

"Jiƙa ƙasa take yi!"

Amarya na kwance a tsakaninsu a kan tabarma, tana jan numfashi da ƙyar, ba wanda ya tambaye ta ko da ruwa. Auta kuwa tafiyarsa ma ta canza. Kafaɗu suka tashi, hula ta karkace. Ya tsaya a kanta yana murmushi.

"Kin gani? Da na biye wa waccan mai tabarau, da na zubar da girmana a banza."

"Maigida, ba na jin motsi. Nauyi kawai nake ji. Ƙirjina kamar an ɗora dutse."

"Na fari ne, haka yake. Tambayi Hajiya."

Ranar hoton ciki ta zo, Hajiya ta ce ba inda za a je. Na'urar nan zafi gare ta, kuma ciki sabo ba ya son ido. Asibiti suka yi ta kiran waya, Yaya ta ce sun yi tafiya. Da aka hau da ita benen mai allura, sai da ta huta a kowace matakala. Mutumin ya dube ta, ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya mayar da alluransa cikin kwali.

"Yau ba zan taɓa ta ba. Ku wuce da ita asibiti yanzu. Wannan kumburi ne."

A hanya Yaya ta ce mutumin kirki ne amma ba ya son yabo. Hajiya ta ce baƙin ciki ne, ya ga saiwa ta yi abin da ƙarfensa ya kasa. Suka wuce gida.

Ni ma na yi magana. Na leƙa na ce, "Hajiya, cikin nan bai yi sauri ba kuwa? Mu a zamaninmu wata tara ake yi."

"Tagwaye ne," ta ce. "Kuma bakinki ya sari katangar nan."

Washegari da hantsi, Amarya ta fito kwashe 'yan hulunan daga igiya. Ta ɗaga hannu ke nan sai na ji ƙara, irin wadda ba a yi da gangan. Kafin in zagayo ta ƙofa tana ƙasa, ta naɗe kamar tabarma, tana riƙe da gefen mara, gumi na zuba. Hajiya na tsaye tana cewa a kawo kofi, a kawo kofi, ɗan ne ke juyi. Na ce wallahi in ba a kira mota ba, zan fita titi in tara mata jama'a. Tsoron jama'a ya yi abin da tausayi bai yi ba.

Auta ya zo, aka sa ta a gaba, ni da Hajiya da Yaya muka cusu a baya. Ya faɗa wani rami, gwiwarta ta bugi aljihun motar, ya wangale. Mukullai suka zubo, fis suka zubo, ɗan kofin nan mai jan murfi ya gangaro kan cinyarta, ledarsa ko huda babu. Tana neman abin da za ta matse saboda azaba, sai ta damƙe shi. Da shi aka shiga da ita.

Asibitin da ya fi kusa shi ne na farko, kuma mai tabarau ce ke aiki. Ta dubi cikin, ta dubi fuskar, ta gane su.

"Me take sha?"

"Ko ruwan..." in ji Hajiya.

"Ƙwayoyinki."

Muryar ƙarama ce, ta fito daga kan gado. Duk muka juya. Ni kaina na manta yarinyar tana da murya a gaban mutane.

"Ƙwayoyin da kika hana, bibbiyu, kullum. Da allurar mara ta wani asibiti. Da saiwa, kofi guda da safe, ban san sunanta ba. Da alluran saman bene. Ba a kai ni hoto ba." Ta ja numfashi. "Shi kuma ba a auna shi ba. Ga kofinsa."

Ta buɗe hannu. Nas ɗin da ke ɗaura mata ƙarin ruwa ta sunkuyar da kai. Auta ya shiga duba silin kamar an ce ya zo gyara shi.

Likita ba ta yi faɗa ba, ba ta da lokaci. Ta ɗora na'ura a cikin, ta juyo da allon wajen Hajiya.

"Babu ciki. Ruwa ne ya taru. Magani ya yi wa jakunkunan ƙwanta yawa sun kumbura, ɗaya ta murɗe, jini ba ya kai mata. Yanzu za mu shiga tiyata."

"A sake dubawa dai," in ji Hajiya. "Wataƙila ya ɓuya ne."

Aka tura gadon aka bar ta da maganarta.

A barandar asibiti na ga abin da ban taɓa gani ba: mutanen da jiya ke kokawar ɗaukar yabo, yau kowa na tura wa ɗan'uwansa kaya.

"Dama na ce ƙarfen nan zai huda wani abu," in ji Hajiya.

"Ƙarfe? Wa ya san abin da ke cikin tukunyarki, Hajiya? Ko akuya aka ba sai ta kumbura."

"Likitocin ne. Me ya sa za su rubuta abin da zai cuci mutum?"

"Ita ma da laifinta," Yaya ta sassauta, don an samu inda za a haɗu. "Tana jin ciwo ta yi shiru. Mutum ba shi da baki ne?"

Auta ya numfasa ya ce, "Ni dai Allah ya sani, ban ba ta komai ba."

Wannan gaskiya ce. A duk gidan shi kaɗai ne bai ba ta komai ba.

An cire jaka ɗaya, ta riga ta mutu. Ɗayar ta tsira da ƙyar. Likita ta ce da hutu da kulawa, mace na iya haihuwa da guda, amma babu magani ko wane iri sai jiki ya dawo, kuma ko ya dawo, sai an auna maigida. Ta faɗa a gaban kowa, da babbar murya, har sau biyu. Hajiya ta ce in sha Allahu.

Kwana kaɗan da sallamo ta, da safe, warin nan ya tsallako katanga.

Na ajiye tsintsiya na zagaya. Amarya na zaune a bakin ƙofarta, ɗinki bai warke ba, tana dafe da shi. Auta na shan shayi. Hajiya ta fito daga kicin da kofi yana tururi.

"Karɓi. Tunda saura ɗaya, sai a dage mata. Wannan sabon haɗi ne, ba irin wancan ba."

Amarya ta karɓa da hannu biyu, yadda aka koya mata. Ta ajiye shi a kan tiren da ke gaban mijinta. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta fito da kofi mai jan murfi, ta ajiye kusa da shi.

"Hajiya, ni na sha nawa har an yanka ni. Ga nasa. Ran da ya kai kofin nan asibiti, ni kuma a kawo duk abin da likita ta yarda da shi, zan sha. Kafin nan, ko ruwan zafi."

"La ilaha illallahu! Auta, kana ji? A gabana! Ashe wuƙar har kunyar ta cire."

"Kunyar ce ta kai ni ga wuƙar, Hajiya."

Ba ta ƙara kallon tsohuwar ba. Mijinta take kallo.

"Maigida, ba allura, ba yanka. Ko rabin sa'a ba za ka ɓata ba. In kana jin kunyar layi, ni zan riƙe maka kofin, na saba."

Na rantse na ga hannunsa ya motsa. Ya taso daga gwiwa ya nufi tiren, har yatsunsa suka kusa taɓa jan murfin. Sai Hajiya ta yi gyaran murya. Hannun ya karkata ya ɗauki mukullin mota.

"Bari in dawo daga kasuwa," ya ce. "Kaya sun iso."

Amarya ta gyaɗa kai, kamar malamar da ta ji amsar da ta san yaro zai bayar. Ta shiga ɗaki. Ba ta ɗauki kwano ko labule ba. Jakar makarantarta ta rataya, wadda har yanzu akwai guntayen alli a ciki, ta ce in riƙe mata hannu zuwa bakin titi. Muna tafe a hankali saboda ɗinkin, Hajiya na binmu da murya: wai an yi mata gata, an kai ta inda ba a kai kowa ba, magani iri-iri, wace suruka ce aka yi wa hidima haka?

Wannan ma gaskiya ce. Ban taɓa ganin wadda aka yi wa hidima haka ba, kuma ina roƙon Allah kada in sake gani.

Ta koma gidan iyayenta, ta warke, ta koma aji. Nakan gamu da ita da farin alli a mayafi. Ta yi ƙiba kaɗan, kuma in ka tambaye ta abu, ita ke amsawa. Ko za ta haihu nan gaba, ban sani ba. Ko matsalar daga Auta take, wannan ma ban sani ba, likita ba ta sani ba, shi kansa bai sani ba. An yanka mace, an raba ta da rabin abin da Allah ya ba ta, duk don kada a sani.

A unguwa, labarin da Hajiya ke bayarwa shi ne yarinyar ba ta da haƙuri, kuma dama ƙwanta ɗaya ne. Ta wanke tukunyar ta kife a kan rumfa. Kwalin ƙwayoyin yana nan ƙarƙashin matashi. Yaya na ta nuna mata hotunan 'yan mata a waya, ana neman mai kunya.

Kwanaki na bi ta shagon Auta sayen fis ɗin injin ɗinkin jikata. A kan kanta, kusa da na'urar da yake gwada batir da ita kafin ya sayar wa kowa, na ga ɗan kofin nan mai jan murfi. An cire ledar. Ya cika shi da ƙananan kusoshi.

Ya ce yana da amfani ƙwarai, murfinsa ba ya zubar da komai.